Dutsen Iya Ya Fito Kore

Assalamu alaikum, Malam Sagir. Don girman Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka yi haƙuri idan ka ga bayanina yana ta kewaye-kewaye, haka abin yake a cikin kaina. Na san yawanci a kan aure ko rigimar gado ake rubuto maka. Ni tawa matsalar ta kyamara ce, amma ta hana ni sukuni fiye da yadda za ka zata.

Ni masunci ne a bakin madatsar Tiga, da rani kuma ina ɗan taɓa lambu. Muna cikin mutanen da aka tasa lokacin da ruwa ya ci garuruwa. Ban taɓa ganin tsohon garinmu ba, ko marigayi mahaifina yana yaro aka taso su. Wadda ta san garin ciki da waje ita ce kakata, Iya Maimuna. Tun ina ƙarami ba ta da hirar da ta wuce ta wani faffaɗan dutse da ke bayan gidansu, wanda mata ke yin shanya a kansa. Jan dutse take ce masa, kuma ta ce ja ne jawur. Yanzu tsufa ya zo, yanar ido ta rufe mata na hagu, na dama ma dishi-dishi take gani da shi.

Bara na sayi 'yar ƙaramar kyamarar nan mai shiga ruwa, wadda ake ɗaurawa a goshi ko a ƙirji. Ta hannu ce, a kasuwar waya ta Kano na samo ta, da niyyar in riƙa ɗaukar yadda muke jan taru. To bana ruwa ya ja baya sosai, sai Baffa, ƙanin mahaifina, ya ce ai shi ya san inda dutsen yake, a nan ragarsa ke maƙalewa tun da daɗewa. Ya kai ni a kwale-kwale, na yi nutso da kyamara a hannu. Zurfin bai kai tsayin mutum biyu ba. Na taɓa dutsen nan da hannuna, Malam. Da na fito, don murna ban ko tsaya sayar da kifi ba na nufi gida.

A gida murnar ta koma ciki. Kyamarar tana kan Oto, wato ita ke zaɓar launi da kanta, yadda na saye ta, kuma komai ya fito kore kamar miyar kuka. Launin ma ba ya tsayawa wuri ɗaya: in na juya gefe ya yi ruwan ɗorawa, in na ɗaga sama ya koma shuɗi. Na tura bidiyon cikin waya, Iya ta kara ta a idonta na dama, ta daɗe, sannan ta miƙo mini. Ta ce wannan ba dutsensu ba ne, in je in nemi wata tsohuwar in yaudara, ita ba ta zama da maƙaryacin miji. Da ma haka muke wasanmu na kaka da jika, mijinta take kira na. Amma a ranar ba ta yi dariya ba, kuma abin ya sosa mini rai.

Sai na tafi Tudun Wada wurin abokina Ɗanasabe, mai ɗaukar bidiyon biki. Ya ce matsalata abu biyu ce, wani wai shi wayit balans da kuma tsarin kala. Ya shiga ya cire ta daga Nomal ya mayar Filat, ya ce ƙwararru duk da shi suke aiki. Na koma na sake nutso. Wannan karon ba kore, ba ja, ba komai, sai ruwan toka. Da na koma masa ya ce ai haka yake, sai an gyara a kwamfuta, tasa kuma ba ta ɗaukar irin wannan aikin. To me ya sa bai faɗa mini tun farko ba?

Daga nan na zauna ina ta latse-latse da kaina. A wurin da aka rubuta WB, wato wayit balans ɗin nan, na tarar da lambobi, su 3200, su 5500, su 6500, kowace da K a bayanta. Ban san ko yawan lambar ne kyau ko ƙarancinta ba. Na gwada a kan matata Raihana a tsakar gida. A ƙaramar lamba ta fito shuɗiya, a babba ta fito ruwan lemo, har ta ce da tsohon cikinta ba za a mai da ta abin gwaji ba. Kaina ya ƙara ɗaurewa. In fuskar mutum ɗaya za ta iya fitowa kala biyu a rana ɗaya, to wace ce ta gaskiya?

Ga inda abin ya kwaɓe. Wata rana da hantsi ina zaune a ƙofar ɗaki, na buɗe bidiyon farko a manhajar gyaran bidiyo ta waya, don haushi na ja layin kala har ƙarshe. Komai ya koma ja. Dutse ja, hannuna ja, har wata karfasa da ta gitta ita ma ja. Wallahi ba don in nuna wa kowa na yi ba. Sai ga Iya ta zo wucewa, ta leƙo, ta karɓe wayar. Ta kara ta a idonta. Can sai na ji ta fara lissafo mutane: wane gidansa na gabas da dutsen, wance a nan take shanya kuɓewa, ta nan ake bi a je rijiya. Sunayen da ban taɓa ji a bakinta ba. Tana yi tana share hawaye da bakin zane, tana sa mini albarka. Ranar har ƙarin tuwo ta nema. Ni kuwa na kasa ce mata ni na ja layi.

Yanzu ta aika wa duk tsofaffin garinsu da suka rage, na Bebeji da na Kiru, har da wata ƙawarta da ke zaune wurin ɗanta a Doguwa, cewa in Raihana ta sauka lafiya su zo suna, za su ga jan dutse a talabijin. Baffa kuma ya ga bidiyon ya ɓata rai. Ya ce wannan manja na zuba, shi da idonsa kore yake ganin dutsen in ya yi nutso, kuma garin da kakanninsa ke kwance ba abin yi wa kwalliya ba ne. Ya ce ba zai tona ni ba, amma duk wanda ya tambaye shi a gaban jama'a, gaskiya zai faɗa.

Malam, ni yanzu ban ma san mece ce gaskiyar ba. Idona ya ga kore, Iya ta ce ja, Ɗanasabe ya ba ni ruwan toka. Hadari ya fara haɗuwa, da an yi ruwan farko madatsa za ta gurɓace, sai kuma baɗi, ban kuwa san ko idon Iya zai kai baɗi ba. In sake shiga, a kan me zan sa kyamarar? In kuwa na nuna jan nan, ƙarya na yi wa tsofaffi? In na faɗa mata, ba na jin zan iya kallon fuskarta.

Naka cikin ruɗani,
Mai Kwale-kwale, daga bakin Tiga.

Wa alaikumus salam, Mai Kwale-kwale. Ka kwantar da hankalinka. Ka yi sa'a, kafin a ba ni filin nan na yi shekaru da kyamara a wuya, kuma tambayarka tana da amsa.

Haske kansa yana da launi. Na hantsi daban, na inuwa daban, na ƙwan lantarki daban. Idon mutum yana gyarawa ba tare da ya sani ba, kyamara kuwa sai an gaya mata wane ne fari, sannan ta auna sauran launuka a kansa. Aikin wayit balans ke nan. Lambobin da suka rikita ka ba na kyau ko muni ba ne: ƙananan na hasken ƙwai mai ja-ja ne, manyan na rana da inuwa. Shi ya sa Raihana ta fito kala biyu, ka ba ta haƙuri. Shi kuma ruwa, launin da yake fara shanyewa shi ne ja. Ko jar hula ka shiga da ita, a ƙasa za ka gan ta ta dushe. Saboda haka koren da kai da Baffa kuka gani ba lallai ne ya zama launin dutsen ba. Baffa ya yi gaskiya da ya ce ka zuba ja ya wuce kima, tunda har karfasa ta rine. Inda ban bi shi ba shi ne ɗaukar kore a matsayin gaskiya.

Ɗanasabe ma bai cuce ka ba. Filat yana adana launi da yawa don mai gyara, amma tsaba ce, sai an kai niƙa, kai kuwa ba ka da injin. Mayar da ita Nomal. Ka cire wayit balans daga Oto, domin shi ke sa launi yawo duk lokacin da ka juya. Ka tsayar da shi a 5500 ko 6500, ka gwada duka biyun. In kyamararka tana da zaɓi na cikin ruwa, shi ma ka gwada shi.

Ka koma tun kafin ruwan farko, lokacin da rana take tsaka. Ka tafi da farin faranti da burushi mai tauri. Shekara da shekaru dutsen nan yana tara gansakuka da laka, don haka wani koren nasa ne ya yafa, ba laifin kyamara ba ne. Ka goge wuri ɗaya mai ɗan faɗi, ka fito ka huta har lakar ta kwanta, sannan ka koma ka ajiye farantin a gefen inda ka goge. Ka matsa kusa, kada ka wuce tsawon hannu, domin duk yawan ruwan da ke tsakaninku, yawan jan da zai ɓace ke nan. A waya kuma, ka riƙa jan layin a hankali, har da wanda ke rage kore, idonka a kan faranti. Inda ya zama fari, nan za ka tsaya. Abin da dutsen ya nuna a lokacin shi ne mafi kusa da launinsa. Kada ka shiga kai kaɗai. Baffa ya zauna a kwale-kwale da igiya, ya kuma ga yadda aka yi komai da idonsa. Mutumin da aka yi aiki tare da shi ba ya tashi a taro ya ƙaryata aikin.

Saura Iya. Ba na ganin ka yi ƙarya, tunda ba ka shirya abin ba. Amma in ka bari aka kunna shi ranar suna kana sane, to ya zama ƙarya, kuma a cikin tsofaffin nan ba za a rasa mai sauran ido da zai tambayi yaushe karfasa ta zama ja ba. Kunyar a kan Iya za ta sauka, ita da ta gayyato su. Ka faɗa mata tun yanzu, ku biyu, cikin irin wasan da kuka saba: ruwa ya shanye jan dutsenta, kai kuma da ka zo mayarwa hannunka ya zarce. Za ta iya yi maka tatas. Ka jure. Kada ka goge jan bidiyon, nata ne, kuma hawayen da ta yi da sunayen da ta tuno ba na bogi ba ne. Ka kuma daure ka kai ta asibitin ido a duba ta, domin sau da yawa yanar ido aba ce da ake cirewa.

Zai yiwu bayan duk wannan wahala dutsen ya fito ja-ja kawai, bai kai yadda take faɗa ba. Kada wannan ya dame ka. Ka zauna kusa da ita da sabon bidiyon, ka fara daga inda faranti ya yi fari, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, ka ce ta tsayar da kai in ya kai. Ranar suna sai ka nuna duka biyun, ka faɗa wa jama'a da bakinka cewa wannan awon faranti ne, wannan kuma awon Iya. A nan ba ka ɓoye komai ba. Kyamararka ba ta taɓa ganin dutsen nan a busasshiyar rana ba, kai ma haka. Ita ta gani, kuma irinta saura kaɗan.

Allah Ya sauki Raihana lafiya, Ya ƙara wa Iya lafiya da hasken ido, Ya fito da kai daga ruwa lafiya. Ka gaida mini Baffa.

Malam Sagir