Amanar Tattabaru

Zuwa ga maigidana, Baban Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya kewar gida? Mu nan alhamdulillahi, sai dai jikin Auta.

Tarin nan da na ce maka na sanyi ne, ashe ba shi ba ne. Maganin tari na kemis babu irin wanda ban ɗura masa ba, ko gezau. Ranar Talata malaminsu ya kawo min shi daga filin ƙwallo, ƙirjinsa na ƙara kamar usur, ko sunana ya kasa kira sai ya tsaya ya ja numfashi. Ban san yadda aka yi na kai asibitin unguwa ba. A can na ga takalman ƙafata ma ba iri ɗaya ba ne.

Likita ta sa masa abin shaƙa har ƙirjin ya saki, ta saurari bayansa, ta sa ya hura iska cikin wani bututu. Ta ce asma ce. Ta ba mu abin shaƙa biyu: mai ruwan ƙasa safe da yamma ko da yana lafiya, shuɗin kuma sai numfashi ya sarƙe. Daga nan ta shiga tambaya, ko akwai hayaƙi a gidan, ko turare, ko kyanwa. Da ta zo kan tsuntsaye, ɗanka ya yi caraf ya ce babu. Na ce akwai, ɗakin tattabaru na gindin tagarsa, kuma shi ke share kashinsu. Hararar da ya watsa min taka ce sak. Likita ta ce a raba shi da su a gani.

To kai ka ja mana. Ranar tafiyarka ka damƙa masa su, ka ce amana ce har ka dawo. Yanzu cusa fuska yake cikin matashi ya yi tari don kada in ji. Tsoro nake ji, Baban Auta. Gobe zan aika wa ƙaninka da su, ka yi haƙuri.

Yayyensa na gaishe ka.

Taka,
Maman Auta

Zuwa ga Baban Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kamar yadda nake roƙa maka kullum. Shiru ban ji amsarka ba.

Bayan an kwashe tattabarun yaro ya samu sauƙi, har ƙwallo ya koma, ko da yake gaisuwa ce kawai ke haɗa ni da shi. Ni da ban taɓa kiwon tsuntsu ba, ina na san halinsu? Ƙaninka ya ga sun saba, ya buɗe musu. Kafin azahar suna kan rufinmu gaba ɗaya.

Shekaranjiya na dawo daga kasuwa na samu Auta durƙushe a ɗakin tattabarun, ya ɗaure hanci da ɗankwalina, tsintsiya a hannu ɗaya, shuɗin abin shaƙa a ɗayan. Ya share, ya shaƙa, ya ci gaba. Nan take na ja shi muka koma asibiti.

Likita ta girgiza shuɗin ta ji saura kaɗan. Ba ta yi faɗa ba, ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta yi masa bayanin cewa shuɗin buɗe hanya kawai yake, ba ya maganin kumburin ƙirji, kuma wata rana zai iya shaƙa ya ƙi ji. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce mata babansa ne ya ba shi amana.

Ka ji ko? Ba ya jin tawa, ba ya jin ta likita. Wanda ya ɗaura shi zai kwance. Ka kira shi, ka faɗa masa da bakinka ka sauke masa, numfashinsa ya fi maka tattabaru. In da hali ma ka zo da ƙafarka. Tsuntsaye dai an kai su nesa sun gane hanyar gida.

Allah Ya tsare min kai.

Mai jiranka,
Maman Auta