Lamba Ɗaya Ta Hana Ni Igiya

Malam, don Allah ka taimake ni, raina ya gama ɓaci. Ni ɗan doka ne a Makarfi. Tun kafin a sami mulkin kai muka taso daga Dandamisa neman aikin nan, ni da Maiwada, ɗan malamin da ya karantar da ni Alƙur'ani. Ni na riga shi isa layin ɗaukar aiki, kuma na girme shi, amma ina ni ina shiga gaban ɗan malamina? Sai na ja baya ya wuce. Aka ba shi lambarsa, aka ba ni mai bi mata.

To bana gurbin kofur ya samu, guda ɗaya tak. Wai ƙa'ida ita ce wanda ya riga shiga aiki, in rana ɗaya ce a duba lamba. Maiwada aka ɗinka wa igiya! Ni nake bin ɓarayin shanu har dajin Ikara, shi kuwa gadin kasuwa da cin gyaɗa. Yanzu kullum sai na ƙame na sara masa. Matata Sabuwa ta ce in kai kuka gun hakimi, zuciyata kuma ta ce in ajiye musu kakinsu in koma noman rake. Wallahi ladabin nan ya cuce ni.

Ɗan doka mai takaici, Makarfi.

Ɗan'uwa, da ciwo, ban musa ba. Ƙa'idar da ba ta duba ƙwazo tana da gyara. Amma ita ce kuma ke kare talaka irinka. In hakimi ya sa baki aka karya ta dominka, gobe za a karya ta domin ɗan wani mai gari, a bisa kanka. Maiwada bai ƙwace maka komai ba, kai ka ba shi hanya, kuma ba laifi ka yi ba.

Kada ka ajiye aiki, tunda kai ne na gaba a layi. Ka roƙi shugabanka ya tura ka kwas, ka kuma tabbata duk ɓarawon da ka kama an san kai ka kama shi. Sannan ka je gidan Maiwada ka yi masa barka. Ina kyautata zaton shi ma nauyinka yake ji duk sanda ka sara masa. Allah Ya kawo taka da alheri.