Rantsuwar Mai Jitar Tartsatsi

Sedgefield, Greensboro

Zuwa ga Mama Zipporah,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Baba Dachung. Ya ciwon gwiwar?

Na sa takardar nan cikin jakar maganin Babana saboda ba zan iya kallon idonki in faɗi abin da ke cikinta ba. Tun da mantuwa ta kama shi, babu wanda ya tsaya mana a garin nan kamar ku. Duk Asabar Baba Dachung zai zo ya ɗauke shi, ya ce za su shan iska. Allah ya saka.

Sai dai ni nake masa alwala yanzu, kuma na ga yatsunsa na hagu sun yi kanta a baki-baki. Ban san irin iskar da ke sa kanta ba, Mama.

Kin fi ni sanin tarihin. Su huɗu ne a ƙungiyar kiɗa ta Tartsatsi can Jos: Babana Yahya da jita, Baba Dachung da waƙa, Maazou na Damagaram da fiyano, Assibi da ganga. Ranar da aka binne Assibi bayan haɗarin motar nan, Baba ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai sake taɓa jita ba. Ya riƙe rantsuwar har tsufa. Yanzu ya manta da ita, ni ban manta ba. Don Allah me suke yi a gidanku?

Ki gafarce ni in na yi zato.

'Yarki,
Suwaiba


Summerfield

'Yata Suwaiba,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Gwiwa tana nan, ni da ita mun saba.

Ke dai kin cika bincike, tun kina ƙarama a Jos haka kike, sai kin buɗe tukunya kin ga abin da ke ciki. Babanki lafiya lau yake a wurinmu. Wancan satin gwaten acha ya sha har ya nemi ƙari, kuma da azahar ni da kaina nake shimfiɗa masa darduma, ban taɓa bari ta wuce shi ba. Kanta kuwa, ai tsoho ne mai riƙe sanda.

Abin da tsofaffi biyu ke yi a gareji, ni ba na shiga. Ki kwantar da hankalinki. Ki ƙaro masa rigar sanyi, garejin ba hita.

Mamanki,
Zipporah


Sedgefield

Mama Zipporah,

Ina gaishe ki da kyau, na kuma gode da gwaten da sallar.

Amma da hannun dama Baba yake riƙe sanda. Kuma an ce mini shan iska, ke kin ce gareji.

Ga abu biyu da suka ƙara dame ni. Maƙwabciyata Jimmai ta ga Baba Dachung a cikin gari da yammacin Asabar, ya buɗe but ɗin mota yana raba wa marasa gida abinci, yana cewa na Yahya ne. Mu ba mu ba shi komai ya raba ba. Sannan jiya wani mai suna Harrison ya kira ni. Ya ce fim yake haɗawa kan Tartsatsi, wai faifansu da aka sake bugawa ya karaɗe intanet, wai duk masu kiɗan jita na Arewa daga hannun Baba suka sha. Ya ce ya ji hannun yana nan yadda yake. A ina ya ji? Wa ya ba shi lambata?

Mutumin da wata rana yake kirana da sunan mahaifiyata ba zai iya cewa e ko a'a ba. Ba zan bari a ɗora shi gaban kyamara yana karya rantsuwarsa duniya na tafi ba.

Na aiko wannan ta gidan waya, don Asabar ɗin nan Baba yana gida.

Da girmamawa,
Suwaiba


Summerfield

Suwaiba,

Ni ne Dachung. Ina gaisuwa. Ki bar tsohuwar nan, ba ta iya ƙarya ba, shi ya sa ta ba ki sanda.

E, yana kaɗawa. Ban ba shi ba. Jitar tana rataye a bango, muna zaune ya tashi ya sauko da ita, ya murɗa tsirkiyoyin ya mai da su irin na garaya, yadda shi ya fara yi a ƙasar Filato kafin kowa. Ya kaɗa, ya ɗago ya ce, “Dogo, ka shiga waƙar a makare, kamar kullum.” Haka yake kirana a Jos. Suwaiba, rabon da ya gane ni tun bara. Da me zan ƙwace ta?

Ina tsaye ranar da ya rantse, ba labari aka ba ni ba. Sai na tambayi Daouda, mai gyara mini mota, abin da Musulmi ke yi in ya karya rantsuwa. Ya ce a ciyar da mutum goma. To duk Asabar ɗin da ya taɓa jitar, Zipporah ta dafa, ni in raba. Ba na so abokina ya je gaban Allah da wannan a wuyansa saboda garejina.

Harrison kuwa ɗan cocinmu ne, ya zo sau ɗaya ya ji ta bayan ƙofa. Ni na ba shi lambarki, don ke ce mai cewa. Ba zan ɓoye miki ba, ina so a yi fim ɗin. Assibi ya tafi, Maazou ya tafi, yara na kaɗa salon Yahya ba su san sunansa ba. Amma ban ɗauki komai ba, ko da waya.

Asabar ɗin da ta wuce na zauna ni da jitar, ba wanda ya ce na makara.

Babanki,
Dachung


Sedgefield

Baba Dachung,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa kan wani sashe na zatona.

Daouda bai ƙarasa maka ba. Kaffara sau ɗaya ake yi, rantsuwar ta warware. Kuma wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, na sake tambayar malaminmu don in tabbatar. Abin da malam bai iya gaya mini ba shi ne ko Baba mai lafiya zai yarda. Yau da safe na zauna na tambaye shi a hankali. Ya daɗe yana kallon yatsunsa, sannan ya ce, “Yau Asabar ce?”

Zan kawo shi da kaina. Abincin mutum goma kada a daina, ya zama sadaka ga su huɗun, amma ni zan dafa, Mama ta huta da gwiwarta. A ajiye mini kujera a bakin ƙofar gareji. In na ga Harrison ko kyamara, za mu tashi.

Ban taɓa jin yana kaɗawa ba.

'Yarka,
Suwaiba