Rubutun da Ke Jikin Jirgin Bashir

Assalamu alaikum Yaya Sule,

Ya gida, ya iyali, ya ƙafar Inna? Muna lafiya.

Ɗanka Bashir ya sa ni zargi. Kowace Juma'a yana tafiya Dir'iyya, wai yana sauya wayoyin wutar ƙaramin jirgin ruwan kafilinsa, wato maigidansa Balarabe. Jirgin ruwa a nan Riyad, tsakiyar hamada! Da na matsa, ya nuna mini hoto. Jirgin gaskiya ne, amma sunayen da aka manna ƙarƙashin makunnai ba rubutunsa ba ne, ni na koya masa riƙe alƙalami. Rubutun mace ne. Na ce, "Wace ce?" Ya sunkuyar da kai.

Ban yarda da ɓoye-ɓoye ba. Juma'ar nan ƙafata ƙafarsa. In 'yar mutunci ce, ka tanadi goro.

A sa mu a addu'a, a gaida Inna.

Ƙanwarka, Hajara