Ranar da na koyar da faɗuwar Songhai

Talata da dare, watan Rajab, Daura

Ƙafafuna ciwo suke, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta. Yau Malam Sani, mai duba mu daga kwaleji, ya zo ganin koyarwata, kuma makinsa ne zai sa in gama ko in maimaita shekara. Darasin faɗuwar daular Songhai ne. Tun a mota daga Mai'adua nake ta bitar haddata: sojojin Maroko sun ƙetaro hamada da bindigogi a 1591, suka ci su da yaƙi.

Ina cikin karanto wa aji daga takardar da na shirya sai Hadiza, wadda ban taɓa jin muryarta a aji ba, ta ɗaga hannu. "Malama, ai kin ce Songhai sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Bindiga kaɗai ce ta kayar da su?"

Babu wannan a takardata. Na ajiye ta, na ce, "A'a. Kafin baƙi su iso, 'ya'yan sarki sun daɗe suna yaƙar juna a kan sarauta, sun kashe jarumansu da hannunsu. Bindiga ta tarar da su a gajiye ne."

Sai aji ya kaure da tambayoyi, har aka buga ƙararrawa ba wadda ta tashi.

Malam Sani bai nuna mini makin ba. A bakin ƙofa dai ya ce, "Gobe ki bar takardar nan a gida."

Alhamdulillahi. Ashe zan iya.