Ɗari Huɗu da Bakwai

Asabar, 8 ga watan Biyu

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da kike tambaya a kowane saƙo. Tana nan, ta fi ni taurin kai. Mamarki tana gaishe ki, ta ce hoton da kika turo ya nuna kin rame. Na ce da ita kundin digiri na biyu ba ya barin mutum da kumatu.

Kin ce in daina wasiƙa in koyi rubutu a waya. Yatsun da suka shekara talatin da ɗaya riƙe da biro a ofishin ƙididdiga ba za su koyi tsalle a kan gilashi yanzu ba. Ni zan rubuta, yayanki ya ɗauki hoto ya tura miki.

Game da tambayarki, inda za ki samu alƙaluman yara 'yan ƙasa da shekara biyar unguwa-unguwa, abin ya yi muku sauƙi ku 'yan zamani. Ofishinmu na dā ya ɗora tsofaffin rahotanninsa a intanet, kowa na iya saukewa kyauta. Babban asibiti ma ya saki jadawalin yaran da aka kwantar: ba suna, sai shekaru da unguwa da irin ciwo. Ƙungiyoyin agaji suna da nasu, wata jami'a kuma ta yi taswirar da ake danna unguwa ta nuna adadi. Ki haɗa na asibiti da na ƙidaya, sai ki san cikin kowane yaro ɗari nawa ne suka kwanta. Amma ki riƙe dokata: kada ki yarda da lamba sai ta kawo shaidu uku, tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya. Kuma ki tambayi kowace lamba, wa ya ƙirga ki, yaushe, da ƙafa ko daga kan kujera.

Maganar da kika ce za ki sa a shafin sadaukarwa, wai ga Babana wanda bai taɓa rubuta abin da bai ƙirga ba, na karanta wa mamarki sau biyu. Ta ce kaina ya kusa hana ni fita ta ƙofa.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
wanda abokan aiki ke kira Sai-Na-Ƙirga

*

Laraba, 16 ga watan Huɗu

Zuwa ga Uwata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Gwiwa da sauƙi, na gode da tambaya. Mamarki da yayanki suna gaishe ki.

Jadawalinki ya iso, yayanki ya buga mini shi a takarda, shafi goma sha ɗaya. Aiki ya yi tsabta, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na fahimci abin da ya sa kika rubuto da ɗoki. Kin ɗauki shekarar ƙidayar da muka yi shekara goma sha tara da suka wuce, da shekaru biyar ɗin da suka biyo baya, kin ga yaran unguwar ƙetaren rafi suna kwanciya asibiti ninki biyu na kowace unguwa. Yara ɗari huɗu da bakwai kacal, amma gadaje cike da su. Kin ce malamin da ke duba aikinki ya miƙe tsaye da ya gani, yana zargin ruwan shansu, kuma an sa ranar kare kundinki a watan Shida. Kin ce kin bi dokata, kin samu shaidu uku: rahoton ofishinmu, jadawalin ƙungiyar agaji, da taswirar jami'a, duk sun ce ɗari huɗu da bakwai.

To, madalla. Sai dai ina ganin kada ki ɗora kundin gaba ɗaya a kan unguwa guda. Akwai unguwar kasuwa, akwai ta bayan tasha, su ma suna da abin dubawa. Shawara ce kawai ta tsoho.

Yau ba zan tsawaita ba, kaina yana ɗan sarawa. Mamarki ta ce tun da takardun nan suka shigo gidan nan ban gama kofin shayi ɗaya ba, amma kin san ta da ƙarin gishiri.

Babanki,
Sai-Na-Ƙirga

*

Juma'a, 25 ga watan Huɗu

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatun wannan, kuma kada ki karanta ta a gaban mutane.

Amsarki ta zo, kin ce ba za ki bar unguwar ƙetare ba, domin ita ce zuciyar kundin, kuma kin yi mamakin yadda Baba da kansa zai ce a kauce wa lamba mai shaidu uku. Kin yi gaskiya. Wasiƙata ta baya ta matsoraci ce, ina jin kunyarta.

Uwata, shaidunki uku mutum ɗaya ne, kuma ni ne. Ƙungiyar agaji daga rahotonmu ta kwafa, jami'a kuma daga ƙungiyar ta kwafa. Ki duba ƙananan rubutun da ke ƙasan shafukansu ki bi su baya, za ki ga duk sun dawo tebur ɗaya, na kusa da taga a hawa na biyu, wanda ake tokare ƙafarsa da tsohon littafin waya. Na koya miki ƙirga shaidu, ban koya miki tambayar ko 'yan gida ɗaya ba ne.

Ga yadda abin ya faru. A shekarar ƙidayar ruwa ya tafi da gadar katakon da ake bi zuwa ƙetare. Ma'aikatanmu biyu suka je bakin rafi sau uku, suka dawo da fom ɗinsu fari fat. Ran Alhamis za a kai rahoto wurin ɗab'i, shugabanmu kuwa mutum ne da ya fi tsoron gurbin da ba a cike ba a kan maciji. Ya leƙo ya ce yana son jadawali cikakke kafin a tashi, ya wuce. Bai ce in yi ƙarya ba, kada in ɗora masa abin da bai faɗa ba. Ni na duba unguwar kasuwa na ga yara ɗari shida, na ce a raina ƙetare ba ta kai ta ba, na cire kashi ɗaya cikin uku. Ya zama ɗari huɗu. Na ga ɗari huɗu cif za ta tona kanta, domin lambar da aka ƙirga da ƙafa ba ta zuwa a goge haka, sai na yi mata wutsiya.

Na ɗiga ɗan tauraro da fensir a gefenta, da niyyar in rubuta a ƙasan shafi cewa ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba. Da mai buga mana takardu ta kai wurin, ta ɗago takardar ta tambaye ni ko tauraro ne ko datti. Mutum shida ne a ɗakin, dukansu sun san ni da Sai-Na-Ƙirga. Na ce mata datti ne. Ta hure shi da baki, ta goge da gefen yatsa, ta ci gaba da bugu.

Na yi wa kaina alkawarin in ruwa ya janye zan haye in ƙirga, in gyara a rahoton baɗi. Ruwa ya janye, aka ƙara mini girma, aka mai da ni wani sashe. Rahoton baɗi ya kwafi na bana.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Bayan wata takwas aka zo rabon ƙananan asibitoci, aka ce duk unguwar da yaranta suka kai ɗari biyar za a gina mata ɗaya. Da rahotonmu aka yi rabon. Ina zaune a taron, ina riƙe da kofin shayi, aka karanto ƙetare aka wuce. Ban buɗe baki ba. Na yi shekaru ina gaya wa kaina wataƙila ƙiyasina daidai ne, har na kusa yarda. Ranar da kika ce za ki sadaukar mini da kundi, wallahi ko tunawa ban yi ba, na yi murna tsakani da Allah. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Yanzu ga abin da zan iya yi miki a matsayin ma'aikaci, tunda a matsayin uba na gaza. Ki nemi shaidar da ba ta taɓa cin abinci a gidanmu ba. Ofishin ilimi yana sakin jadawalin yaran da aka sa aji ɗaya kowace shekara, makaranta-makaranta, kuma su daga rajistar malamai suke ɗauka, ba daga wurinmu ba. Ki duba makarantun ƙetare na shekarun da suka biyo bayan ƙidayar, ki haɗa aji ɗaya na shekara biyar a jere. Zai ba ki kusan adadin yaran da ya kamata mu tarar da mun haye.

Na san abin da wannan zai yi wa kundinki saura wata biyu. Na auna yin shiru, na ga ba wanda zai gane, za ki ci jarrabawa a yi miki tafi. Amma da na yi haka na sa ki gaji dattin nan da hannunki, kina murna.

Na gaya wa mamarki jiya da hantsi tana shanya. Ta gama shanyar tsaf, ta ɗauki bokiti, sannan ta ce ba ita ya kamata in gaya wa ba.

Ki yafe mini in kin iya.

Babanki

*

Talata, 20 ga watan Biyar

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata kina lafiya, kina cin abinci, kina samun barci. Mamarki da yayanki suna gaishe ki.

Kwana ashirin da uku na jira kafin saƙonki ya zo. Na karanta shi a tsaye. Tambayoyi huɗu ne masu lamba, kamar yadda ake tura wa wanda ake bincike a kansa, kuma haka ya dace. Ba ki tambayi gwiwa ba. Ba ƙorafi nake yi ba, na dai lura.

Kin ce jadawalin makarantu ya ba ki kusan yara ɗari tara, ban da waɗanda ba a sa makaranta ba. Ke nan yaran ƙetare ba su fi na kowa ciwo ba, yawansu ne na raba biyu a takarda, kuma sun haura ɗari biyar nesa ba kusa ba. Babin da kika fi so ya rushe, an ɗaga kare kundinki zuwa baɗi, abokan karatunki za su sa rigar kammalawa ba ke. Ni na jawo miki, ba ni da abin cewa.

Ran Asabar na je ƙetare. Gadar yanzu ta siminti ce, na haye ta a minti huɗu da wannan gwiwar. Minti huɗu, Uwata, shekara goma sha tara. Na tafi da ɗan littafi da biro don sabo, na fara ƙirga yara a layin farko, na kai sittin da wani abu suka ruɗa ni da guje-guje, na mai da littafin aljihu. Har yau ba asibiti. Wata mai ɗinki da na zauna a bencinta in huta ta ce in yaro ya yi zazzaɓi sai a goya shi zuwa babban asibiti, shi ya sa suke jira sai abu ya yi tsanani. Ta ce ta haifi shida, huɗu na raye. Ban tambaye ta shekarun da biyun suka rasu ba, na ji tsoron lissafin. Ban san ko da an gina asibitin wani yaro zai rayu ba. Ba ni da alƙaluman wannan, kuma ba zan sake ƙirƙirar lamba ba, ko don in samu sauƙi ko don in hukunta kaina.

Ga amsoshinki. Na ɗaya: e, na yarda ki mai da kundin ya zama bin sawun lambar nan daga teburina zuwa taswirar jami'a. Na biyu: e, ki sa sunana cikakke da muƙamina na lokacin, kada ki ce wani ma'aikaci. Na haɗa miki takardar shaida da sa hannuna, na kuma kai kwafinta ofishinmu na dā da ƙafata, na roƙi su sa tauraron a inda na ce datti ne. Na uku: ban san wani gurbi da aka yi wa haka ba, amma kada ki yarda da maganata, ki nemi shaida. Ni ma ina da roƙo ɗaya: ki cire layin nan daga shafin sadaukarwa. Ki ba mamarki shafin, ita ba ta taɓa cewa ta ƙirga abin da ba ta ƙirga ba, ko da cokulan gidan nan ne.

Tambayarki ta huɗu ita na bari ƙarshe. Kin ce kin gane inda ɗari huɗu ta fito, amma kin juya lissafi ta kowace fuska ba ki gano inda bakwai ta fito ba. Ba za ki same ta a kowane jadawali ba. Ranar nan da nake neman wutsiyar da zan sa wa lambar, na ɗaga kai, idona ya faɗa kan hotonki da ke jingine da gwangwanin biro, kina sanye da rigar makarantar da ta fi ki girma, haƙoranki biyu na gaba sun fita. Shekararki bakwai a lokacin. Da shekarunki na rufe ƙaryata, Uwata. A duk layin nan, ita ce kaɗai lambar da na ƙirga da kaina.

Ba sai kin amsa da wuri ba. Zan jira.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki abin da ya fi wanda na ɓata miki.

Babanki