Ƙofar Motar Baba

Dagmanet, Agadas

Yaya Aissa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigida da yara. Yaya ƙarfin jikin Baba? Yaya garka, lemo ya yi bana? Takarda na rubuto na ba Bashar direban kamiyo, babbar motar kayan nan, don na san halinki. In na kira a salula, ina fara magana za ki ce rezo ya ɗauke, ba kya ji na. Wannan kuwa sai kin karanta har ƙasa.

Yaya, na sayi Landiroba! Tsohuwa, doguwar nan, irin wadda Baba ya yi shekara da shekaru yana tuƙawa tsakanin Agadas da Timiya. A Fesbuk na gan ta. Wani mutumin Tawa ne ya sa hotunanta, tana yashe a bayan gidansa, kaji na ƙwai a ciki. Ban yi shawara da kowa ba, na sa aka ɗoro mini ita a kan kamiyon albasa da zai dawo fanko. Ranar da aka sauke ta a garajina ƴan tasha suka taru suna dariya, har da mai tambaya ko akurki zan buɗe. Na ƙyale su. Na sauke inji na wanke shi tas, na kwance karbirato, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Yau in na murɗa makulli tashi take ba gardama, kuma masu dariyar nan su ne ke zuwa shan shayi a inuwarta.

Sai dai mutumin Tawa ɗan duniya ne. Duk hotunan daga gefen dama ya ɗauke su. Sai da ta iso na ga ba ta da ƙofar direba! Na kira shi, ko kunya babu ya ce ai tuni ya ba masu zubin tukunya. Kin san jikin irin waɗannan motoci alminiyo ne, shi ya sa maƙera suka cinye su kaf. Na tambaya Arlit, na tambaya Damagaram, na sa cigiya a Fesbuk. Ko'ina amsa ɗaya ce, ta zama tukunya.

Guda ɗaya na sani da ta rage, kuma kin san ta: ƙofar motar Baba, wadda kuka ɗaure a bakin garka saboda awaki. Don Allah ki ba Bashar ita. Zan aiko miki da ƙofar ƙarfe mai kyau, da fenti da kwaɗo.

Ki gaida kowa da kowa. Ƙanenki,
Issouf

*

Timiya

Issouf,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, lemo ya yi har rassa na karyewa. Ga kwali guda nan wurin Bashar, na matarka Zainabu da yara ne, kada ka rabar a tasha.

To, mai Landiroba, barka da arziki. Mutum da hankalinsa ya sayi mota a hoto! Ni ko akuya ba na saye sai na zagaya ta na buɗe bakinta.

Ƙofa kuwa ba ka samu ba. Kai rabonka da Timiya tun Sallar bara, ba ka san abin da ake ciki ba. Tun da idon Baba ya tafi, kullum da hantsi sai ya lallaba da sandarsa har bakin garka, a shimfiɗa masa tabarma ya jingina da ƙofar nan. Gilashinta har yau yana ja. In zafi ya yi ya ja shi baya, in iska ta taso ya rufe, kai ka ce a kan hanya yake. Duk mai shiga garka shi ke buɗe masa, ba ya yarda wani ya taɓa mariƙin. Ko ni sai na yi sallama na jira.

Kana ƙarami lokacin da motarsa ta mutu nan Timiya, ni kuwa ina tsaye. Yana kallo aka raba ta. Ƙarafan ƙasa suka zama fartanya da wuƙaƙe, tayoyi suka zama takalma da guga, jiki ya tafi tukunya. Wannan kaɗai ya rungume ya ce ba mai taɓawa. Ita ce za ka ce in kwance in ɗora kan buhun lemo, don ƴan tasha su tafa maka? Haba Issouf! Ka rataya buhu a wurin mana, iska ma za ta fi shiga.

Allah ya ba ka haƙuri. Yayarka,
Aissa

*

Dagmanet, Agadas

Yaya Aissa,

Gaisuwa mai yawa. Lemo ya iso, Zainabu na godiya.

Takardarki ta sosa mini rai, don ban san haka Baba ya koma ba. Amma maganar buhu ki janye ta. Abokan aiki ma sun ce in yanko ƙofar wata mota in lanƙwasa, ko in sa mai sudir, wato mai walda, ya buga mini ta kwano. Wallahi ba zan yi ba. Motar nan duk ƙusar da ke jikinta irin tata ce, na sha wuya kafin in tara su. Ba zan zo ƙarshe in manna mata abin kunya ba. Gara ta zauna a haka har in mutu.

Abu guda nake roƙo. Ƙofar ba taki ba ce, ba tawa ba ce. Ki karanta wa Baba takarduna biyu, kada ki rage komai, kada kuma ki ƙara gishirinki. Abin da ya ce, na yarda.

Naki,
Issouf

*

Timiya

Issouf,

Bayan gaisuwa. Na karanta masa, ba don na so ba. Ya saurara har ƙarshe. Can sai ya ce, wane mai take sha, isansi ko gazuwal? Na ce ni ina na sani. Ya ce doguwa ko gajera? Na ce doguwa. Ya shiga shafa gilashin.

Ga saƙonsa, yadda ya faɗa haka na rubuta: "Ki gaya masa ba na aika ƙofata a bayan kamiyon wani. In motar tasa mota ce, ta hau Timiya da ƙafarta. Kada a ja ta, kada wani ya biyo shi a baya da igiya. In ta iso sai mu yi magana."

Kai da shi duk taurin kanku ɗaya. Hanyar nan ruwan bana ya cinye ta, korama ta kwashe rabi, sababbin motoci ma kuka suke a kan duwatsun. Ka zo da ruwa da yawa, ka gaya wa Bashar ranar da ka taso. Kuma ka sani ni har yanzu ban yarda ba. In ka tafi da ƙofar nan ban san inda tsohon nan zai zauna ba, abin yana damuna ƙwarai.

Allah ya kiyaye hanya.
Aissa

*

Dagmanet, Agadas

Yaya Aissa,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya. Na san kin tashi kin ga mota a garka, ni kuwa babu ni. Kamiyon Bashar na bi, ban yi miki sallama ba don za ki hana ni. Ki yi haƙuri ki ji abin da ba ki gani ba.

Hanya dai na ci ta, ita ma ta ci ni. Igiya na ɗaura a gurbin ƙofa don kada in faɗo, yashi har cikin haƙorana. A korama na rage iskar tayoyi, na sa ƙaramin bitas, giyar ƙarfi, mota ta ratsa tana gurnani. A hawan nan mai tsayi na ce wa motar, yau ko ni ko ke. Ba ta tsaya ba, Yaya. Ko tari ba ta yi ba!

Kin ga yadda na tarar da Baba a tsaye, ya ji ƙararta tun daga nesa. Da kika shiga ɗora abinci sai ya ce in kawo kayan aiki. Shi ya kwance igiyoyin ƙofar garka da hannunsa. Na ɗaga masa ƙofar, ya laluba da yatsu ya nemo ramukan, ya ce in fara ɗaure na ƙasa. Ta zauna daram kamar da ita aka ƙera motar. Motata ruwan ƙasa, ƙofar shuɗiya ta koɗe, na ce zan yi mata fenti. Ya ce in na kuskura.

Daga nan ya hau ya zauna a gaban sitiyari, ya ja ƙofar ya rufe, ya ɗora gwiwar hannu a taga. Ya ce, tada ta. Na tada. Ya riƙe sitiyarin, bugun inji na girgiza shi, ya karkata kai yana saurare, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Wa ya haɗa injin nan?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce, "Ya haɗu. Ƙofa taka ce, ka tafi da abarka." Amma bai sauko ba sai da aka kira magariba. Da safe na zo in ɗauki mota, na tarar ya riga ni, yana ciki yana jan gilashi. Ki gaya mini, da wane baki zan ce masa sauko? Na sa makullin a aljihun rigarsa na juya.

Ƴan tasha suna ta tambaya, ina Landiroba? Na ce tana Timiya, ta hau da ƙafarta, kuma ba abin da ya rage mata. Wallahi tunda na fara riƙe sifana ban taɓa alfahari da aikina irin wannan ba. Ga ƙofar ƙarfe nan na ba Bashar, a kafa kafin awaki su gama da ke.

Ƙanenki mai gaishe ki,
Issouf

*

Timiya

Issouf,

Salamu alaikum. Ƙofar ƙarfe ta iso, an kafa, ta yi kyau.

Na gaya wa Baba ka bar masa mota. Faɗan da ya yi sai da maƙwabta suka leƙo. Ya ce mota in ta zauna mutuwa take, shi bai ba da ƙofarsa don a girke ta cikin lemo ba. Ka zo ka ɗauki abarka. Amma da shi za ka koma, yana so ya shiga tashar Agadas a cikinta, tsofaffin abokansa su gani. Ya sa na wanke masa babbar riga da rawani. Ni ma ka share mini wuri a baya, ba za a yi wannan ba ni ba.

Ka yi sauri. Tun jiya ya koma kujerar dama ya zauna, ya ce ta direba taka ce.

Sai ka zo. Yayarka,
Aissa